RUMBUN ƘARƘASHIN ƘASA: NA KANKARE KO NA ROBA?

Daga Wakilinmu

A ƙasashen da sanyi yake tsananta har noma ya tsaya cik wata biyar ko shida a shekara, kamar su Rasha da Yukiren da Folan da Kanada, magidanci ba ya ɗauka aikin gona ya ƙare a ranar da ya tone dankalinsa. Akwai sauran aiki a gabansa, watau inda zai ajiye shi. Idan ya bar shi a waje ƙanƙara za ta daskarar da shi ya lalace, idan kuwa ya shigar da shi ɗakin da ake hura wuta sai ya yi tsiro ya yanƙwane. Saboda haka tun kaka da kakanni mutanen waɗannan ƙasashe suke haƙa wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda Rashawa suke kira "pogreb", su jibge dankalin Turawa da karas da kabeji da tuffa da kwalaben kayan lambu da aka tsuma da gishiri, su riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har Allah ya kawo sabon amfani. A nan za mu kira shi rumbun ƙasa, ko da yake siffarsa ta fi kama da ɗaki mai ƙofa da matakala.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin abu ne. A shekarun 1990, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, lokacin da albashin ma'aikata ya zama ba ya kai wata, kusan kashi 90 cikin 100 na dankalin da aka noma a Rasha ya fito ne daga 'yan ƙananan gonakin iyali, ciki har da filayen nan masu faɗin murabba'in mita 600 da aka rarraba wa ma'aikatan birane a bayan gari. Malamin makaranta da akawu da injiniya kowa yana da 'yar gonarsa, kuma abincin iyalinsa na hunturu yana cikin ramin nan. A can Kanada kuwa akwai wani ƙauyen masunta a tsibirin Newfoundland mai suna Elliston, wanda a shekarar 2000 ya naɗa wa kansa sarautar babban birnin rumbunan ƙasa na duniya, domin an ƙidaya fiye da 130 a cikinsa, waɗansu tun na ƙarni na 19, an gina su da duwatsu a jikin tudu an lulluɓe da ƙasa.

A da babu wani zaɓi, abin da mutum ya samu kusa da shi da shi zai yi gini, ko dutse ko katako ko jan bulo. Daga baya siminti ya zo ya kori sauran. Yanzu kuma masana'antu suna ƙera rumbun sukutum da roba, da matakalarsa da kantocinsa da murfinsa, a ɗauko shi a mota a zura a rami. Muhawarar da ake yi ke nan a tsakanin masu gonaki a can: a zuba kankare, ko a sayi ƙerarre?

ARON SANYI DAGA ƘASA

Kafin a shiga muhawarar ya kamata a san abin da rumbun yake yi. Ba shi da inji, ba ya shan wutar lantarki, kuma shi kansa ba ya ƙirƙirar sanyi. Aro yake yi daga ƙasar da ke kewaye da shi. Zafin rana da sanyin hunturu suna ratsa ƙasa ne a hankali, kuma ƙarfinsu yana raguwa gwargwadon zurfi, har idan aka nutsa 'yan mitoci sai a tarar da ƙasa ta tsaya kusa da matsakaicin zafin iskar wurin na shekara guda. A yankin Mosko wannan matsakaici bai wuce kimanin digiri 6 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma ƙasa takan daskare har zurfin kusan mita ɗaya da rabi a hunturu mai tsanani. To, wanda ya haƙa ya wuce inda ƙanƙara take kaiwa ya sami firji kyauta.

Shi dankalin Turawa na ci yana son digiri 4 zuwa 5, da duhu, da danshi mai yawa, kamar kashi 90 zuwa 95 cikin 100. Idan sanyi ya fi haka sai sitacinsa ya juye ya zama sukari, ya yi wani zaƙi-zaƙi, ya yi baƙi a wajen suya. Karas da kabeji sun fi son sanyin da ya kusa daskarewa. Albasa kuwa ba ta shiri da danshi sam, shi ya sa masu rumbu da yawa suke rataye ta a wani wuri dabam. Tuffa ma fitinanniya ce, tana fitar da wata iska da ke sa karas ɗaci idan an haɗa su wuri guda. Duk waɗannan sharuɗɗa, bangon rumbu shi zai taimaka a cika su ko kuma ya ɓata su.

KANKARE

Hujjar masu kankare ta farko ita ce nauyi da kauri. Kowane mita guda na kankare, tsawo da faɗi da zurfi, nauyinsa ya kai kimanin tan 2.4. Bango mai irin wannan jiki ba ya saurin ɗaukar zafi kuma ba ya saurin sakinsa, saboda haka ko an buɗe ƙofa an rufe sau goma a yini yanayin ciki ba ya sauyawa sosai. Sa'an nan kankare yana shan laima daga ƙasa yana sakinta a ciki, abin da a ɗakin kwana aibu ne amma ga dankali alheri ne. Waɗansu ma ba sa dafe daɓen, sai su bar shi ƙasa su zuba tsakuwa, don danshi ya riƙa tasowa. Har wa yau mai gini shi ke yanke girman da yake so da siffar da ta dace da filinsa, kuma yana iya ɗora rumfa ko garejin mota a bisansa.

Amma fa aikin ba na gaggawa ba ne. Sai an yi haƙa, an kafa katako, an ɗaure rodi, an zuba, sa'an nan a jira. Kankare ba ya kai ƙarfin da injiniyoyi suke lissafi da shi sai bayan kwana 28, kuma a ƙasar da lokacin gini gajere ne wannan ba ƙaramin jira ba ne. Babban ciwonsa kuwa shi ne yoyo. Duk inda aka tsaya da zubi aka ci gaba washegari, musamman inda bango ya haɗu da daɓe, nan ruwa yake bi. Akan shafe bayan bangon da kwalta ko a manna masa shimfiɗar hana ruwa, a kewaye gindinsa da bututu mai huji-huji da tsakuwa don janye ruwa, amma duk wannan aiki ne da ƙasa za ta rufe. Idan magini ya yi ha'inci a nan, mai gida ba zai sani ba sai ranar da ya sauka ya ji ƙafarsa cikin ruwa, gyara kuwa sai an sake tone ramin gaba ɗaya. Ingancin rumbun kankare, a taƙaice, ingancin mutumin da ya zuba shi ne.

Akwai kuma hanya ta tsakiya, watau kankaren da aka zuba a masana'anta aka kawo. A Rasha akan jera zobban kankare irin na rijiya, a Amurka kuwa manoma da yawa sukan sayi sabon tankin kankare irin wanda ake binnewa don masai, wanda ba a taɓa amfani da shi ba, su fasa masa ƙofa su binne a gefen tudu. Wannan ya fi zubin hannu inganci, sai dai ba ya sauka daga mota sai da injin ɗaga kaya, kuma ba kowace gona ce babbar mota take iya shiga ba.

NA ROBA

Ƙerarren rumbu iri-iri ne. Akwai wanda ake narka garin roba a cikin wani babban mazubi mai juyawa ya fito jiki guda ba ɗinki, kamar dai yadda ake yin tankunan ruwan nan da muke ɗorawa a bisan gidaje. Akwai wanda ake yanka fallayen roba a liƙe su da zafi, wanda rauninsa yana wajen liƙin. Akwai na zaren gilashi irin wanda ake yin jiragen ruwa da shi. Akwai kuma na ƙarfe, wanda tsatsa ta rage masa farin jini. Wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Floris Schoonderbeek, ya fito da wani mai siffar ƙwallo da matakala a jikinsa, ya sa masa suna Groundfridge. Masu shi sun ce yana ɗaukar lita 3,000, kuma cikinsa yana tsayawa tsakanin digiri 10 da 12. A lura da wannan adadi: zafin ƙasar Holan ke nan, ya dace da ajiyar cuku da 'ya'yan itace na ɗan lokaci, amma ya yi wa dankalin da za a ajiye wata shida ɗumi.

Abin da yake jan mutane ga roba a fili yake. A yini ɗaya ko biyu an gama aiki. Ruwa ba ya ratsa bango, ɓera ba ya samun kafa, fumfuna ba ta kama jikinsa kamar yadda take kama siminti, idan kaka ta zo a wanke shi da sabulu kamar kwano. Masu sayarwa suna alkawarin shekara hamsin ko fiye, ko da yake yawancin waɗanda ke cikin ƙasa yanzu ba su yi rabin wannan ba balle a gaskata su. Kuɗin sayensa yakan fi kuɗin siminti da rodi, amma wanda zai biya leburori da birkila na mako da makonni yakan ga tazarar ta ragu.

Sai dai abin da ya hana ruwa shiga shi ne kuma yake jawo masa masifa, kuma a nan ɗalibai za su tuna da darasin Arkimidis. Duk abin da aka nutsa a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya kora. A ɗauki rumbu mai mita biyu tsawo, biyu faɗi, biyu zurfi. Cikinsa mita takwas ke nan, kuma kowane mita guda na ruwa tan ɗaya ne. Idan ruwan ƙasa ya taso ya kewaye shi har wuya, ƙarfin tan takwas ne yake ɗaga shi, alhali shi kansa bai kai tan ɗaya ba. Kuma a ƙasashen nan ruwan yana tasowa ne a watan Afrilu, lokacin da ƙanƙarar hunturu ta narke, daidai lokacin da iyali suka cinye abin da ke ciki rumbun ya zama fanko. Wanda ya taɓa danna ƙwarya a kife cikin kogi ya san sauran labarin. Rumbun yakan karkace, ko ya ɓullo sama ya tsinke bututunsa.

Yanzu a yi wannan lissafi ga na kankare mai ciki iri ɗaya da bango mai kaurin santimita 20 ta kowane gefe. Daga waje ya zama mita 2.4 ta ko'ina, yana korar ruwa kusan tan 14, kankaren jikinsa kuma kusan tan 14 ne. Da an ɗora masa ƙasar rufi, ya zauna daram. Ba zai tashi ba, sai dai ya yi yoyo.

Maganin da masu kafa na roba suka samo abin dariya ne ga wanda ya gudu daga siminti. Sai an zuba faifan kankare mai nauyi a gindin ramin, a ɗaure rumbun a kansa da igiyoyi masu ƙarfi waɗanda ba sa ruɓewa, sa'an nan a cike gefe-gefensa da yashi gauraye da siminti, hawa-hawa, don kada ƙasar yumɓu da ke kumbura idan ta daskare ta matse bangon ya lotsa ciki. Watau mai rumbun roba a ƙasa mai ruwa ba ya tsira daga sayen kankare, rage yawansa kawai ya yi. Ɗan kwangilar da ya ce zai zura shi a rami ya mayar da ƙasar da ya tono, a ce masa a sauka lafiya.

Matsala ta biyu ita ce zufa. Dankali abu ne mai rai, yana numfashi, yana fitar da tururi da ɗumi. Kankare yakan shanye wani abu daga ciki, roba kuwa ba ta shan komai, sai raɓa ta taru a rufi da murfi ta riƙa ɗiga a kan buhuna. Dankalin da ruwa ya kwanta a jikinsa ruɓewa zai yi. Saboda haka dole a naɗe wuyan rumbun da murfinsa da abin tare sanyi, kuma a kula da bututun iska fiye da yadda mai kankare zai kula.

ISKA

Maganar iska ta wuce maganar asarar amfani. Ka'ida ita ce bututu biyu, kowanne faɗin bakinsa kamar santimita 10 ko fiye, ɗaya ya sauko kusa da daɓe yana shigo da iska mai sanyi, ɗaya kuma a ɗaya kusurwar yana farawa daga rufi yana fitar da mai ɗumi. Idan suka toshe, ko mai gida ya cusa musu tsumma saboda tsoron ƙanƙara ya manta, iskar da ke ciki takan gurɓace, musamman idan kaya sun fara ruɓewa, kuma gurɓatacciyar iskar tana kwanciya ne a ƙasa inda mai sauka zai tarar da ita. A shekarar 2013 jaridun Rasha sun ba da labarin mutum huɗu 'yan gida ɗaya a garin Laishevo, kusa da Kazan, waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya a rumbun da dankali ya ruɓe a cikinsa, kowa ya sauka neman wanda ya riga shi, aka bar yarinya 'yar shekara takwas ita kaɗai. Tsofaffin manoma sukan buɗe murfi su jira, su zura kyandir mai ci, idan ya mutu ba mai sauka. Masu haƙar rijiya a ƙasarmu ba baƙi ba ne ga wannan hatsari. Rumbun da bangonsa ba ya numfashi ko kaɗan ya fi bukatar wannan taka-tsantsan.

To, wanne ya fi? A ganin wannan wakili, wanda ya fara da tambayar kankare ko roba ya fara daga tsakiya. Abin da ƙwararru a can suke ba da shawara shi ne a haƙa ɗan rami na gwaji a lokacin da ruwa ya fi tasowa, ko a leƙa rijiyar maƙwabci, a ga inda ruwa yake tsayawa. Idan wurin tudu ne, ƙasa mai yashi, ruwa yana nesa, kankare ya fi, domin ya fi arha ga mai iya sa hannu, ya fi riƙe yanayi, kuma danshinsa shi ake nema. Idan ruwa yana kusa kuma ba a da maginin da aka amince da shi, na roba mai jiki guda wanda aka ɗaure a kan faifan kankare ya fi kwanciyar hankali. Idan kuwa wurin fadama ce sosai, a bar haƙa, a gina a bisa ƙasa a tula masa ƙasa ya zama tudu, kamar yadda ake yi a yankunan fadamu na arewacin Turai tun da daɗewa.

MU FA?

Hotunan waɗannan rumbuna suna yawo a intanet da kirarin firji marar wuta, kuma ga wanda ya ga yadda tumatir da dankali suke lalacewa a kasuwanninmu, ga kuma halin da wutar lantarki take ciki, ba abin mamaki ba ne ya yi kwaɗayi. Jami'in da aka kawo wa irin wannan takarda a ofis ya tuna da maganar aro. Matsakaicin zafin shekara a Kano kimanin digiri 26 ne, ƙasa kuma takan ɗan ɗara iska ɗumi. Rumbun da zai ba da digiri 6 a Mosko, idan an binne shi a Kano abin da ƙasar Kano take da shi zai bayar, ko da na zinariya ne. Ɗumi da danshi da duhu kuwa su ne abincin fumfuna.

Ko a Jos, inda matsakaicin ya sauko wajen digiri 22, kuma inda ƙananan hukumomi irin su Bokkos da Mangu da Barikin Ladi suke noma mafi yawan dankalin Turawan Nijeriya, tazarar da ke tsakanin 22 da 5 babba ce. Rami zai iya rage zafin tsakar rana, ya ƙara wa dankali 'yan makonni idan iska tana ratsawa, amma ba zai ajiye shi daga kaka zuwa kaka ba. Abin da masana suka fi ba da ƙarfi a kai don ajiyar iri a ƙasashe masu zafi shi ne ɗaki a bisa ƙasa mai kantoci, wanda iska take ratsawa kuma haske yake shiga ba tare da rana ta bugi dankalin ba, dabarar da Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima a ƙasar Peru ta yaɗa. Sanyin da muke iya samu kyauta a Arewa daga busasshiyar iska yake fitowa idan ta bi ta kan jiƙaƙƙen abu, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. A kan wannan ne marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ajiya a ƙarƙashin ƙasa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, sai dai tamu ta hatsi ce kuma ka'idarta kishiyar ta Turawa ce. A Borno da Yobe akwai manoman da suke binne dawa da gero a rami, a Sudan kuma, a ƙasar yumɓu ta wajen Sinnar da Gadarif, ana kiran irin wannan rami "matmura". Akan shimfiɗa ƙaiƙayi a gindi da gefe, a zuba busasshiyar dawa, a rufe ruf da ƙasa. Hatsin da ƙwarin da ke cikinsa su shanye 'yar iskar da ta rage, ƙwarin su mutu, dawa ta yi shekara ko fiye. Abokin gabar wannan rami shi ne laimar da ke ratsowa daga gefe tana ɓata hatsin da ke jikin bango. A nan ne tambayar kankare ko roba take da ma'ana a wurinmu, kuma amsar tana iya juyewa, domin danshin da ya sa kankare ya dace da dankali shi ne zai cuci dawa, rashin numfashin da yake sa roba zufa kuwa shi ake nema ga hatsin da ya bushe sarai. Sharaɗin ɗaurewa yana nan yadda yake, sai dai watan da za a ji tsoro ya tashi daga Afrilu ya koma Agusta, lokacin da rumbu ya yi fanko kuma ruwan rijiya ya taso har ana ɗiba da gajeren igiya.